Mizanin da Muka Kai Simsim

Mun bar Gadarif bayan sallar asuba, ni da ƙanin matata, da wani kaya nannaɗe cikin bargo wanda sai da muka haɗu mu uku da yaron mota kafin ya hau bayan boksi, motar a-kori-kurar da ke zuwa gonaki. Direban ya ɗaga gefen bargon ya leƙa, ya ce, "Ya Hajj, wannan janareto ne ko keken guragu?" Na ce masa amana ce. Ya ce amana ma tana biyan kuɗin mutum biyu, tunda ta cinye wurin mutum biyu.

Bari in gaya muku abin da ke cikin bargon. Na'ura ce mai taya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da faranti a tsakani inda mutum ke tsayawa, da sanda da yake riƙewa. Tana aiki da kahraba, wato lantarki. In ka sunkuya gaba ta tafi, in ka ja baya ta tsaya, kuma ba ta faɗuwa. Kafin yaƙi ƙanin matata yana da irinta da yawa a Khartoum, yana ba da haya a bakin Nilu da la'asar. Da aka gudu, wannan ɗaya ce ta tsira, don tana gidansa ana gyara. Ya ja ta zuwa Jazira, ya sake jan ta zuwa Gadarif. Yau shi da matarsa da 'ya'yansu mata uku suna zaune a ajin wata makaranta, an raba ɗakin da zannuwa. An gaya musu bayan kaka yara za su koma karatu, kuma haƙƙin yaran ne. Gidana ya riga ya cika da dangi har zaure. In bai sayar da na'urar ya kama ɗaki ba, babu inda za su sa kai.

Ya zaga da ita kasuwar Gadarif watanni. Kowa na so ya hau a ɗauke shi hoto, babu mai tambayar farashi sau biyu. Sai na tuna da wani Alhaji da muka yi karatun allo tare, yana da babbar gona a Simsim. Na ce wataƙila wakilinsa zai so abin zagaya gona. Kunnen Alhajin ya yi nauyi, ba ya waya, don haka na rubuta masa takarda da ajami kamar yadda muka saba. Da na zo kan sunan na'urar alƙalamina ya tsaya. Ƙanin matata ya faɗi sunanta na Turawa, na rasa harafin da zan sa masa. Na ce ya bayyana mini yadda take aiki, ya ce a cikinta akwai mizan da ke auna karkatar mutum. Sai na rubuta: mizani mai taya biyu, mai aiki da kahraba, yana tafiya da kansa cikin gona. Direban lori ya kai, ya dawo da amsa layi biyu: mu kawo shi kafin a gama yankan riɗi, yana matuƙar buƙata. Ranar matar ƙanin matata ta dafa mana shayi da sukari sosai.

Kwalta ba ta yi nisa da mu ba. Daga nan sai baƙar ƙasar nan tamu, wadda damina ke mayarwa taɓo, rana kuma ta tsattsaga ta har ƙafar jaki ta iya shiga. Tayoyin lori sun bar ramuka biyu masu zurfi, boksin na bin su yana rawa, mu a baya muna rungume da bargon kada ya bugi ƙarfe. Dawa ta yi kai dama da hagu har inda ido ya ƙare, riɗi kuma an fara yanka shi an jingina dami-dami. Albarka dai ta zuba bana, sai dai waɗanda ke cikin motar ba su da gona ko taku ɗaya. Akwai tsohon malamin makaranta, akwai wanda ya ce da yana aikin banki, duka za su yankan riɗi, laujensu sabo fil, hannayensu ba kanta.

Mun tsaya hantsi a wata rumfa muka ci ful, wato dafaffen wake, da man riɗi, muka sha jabana, gahawar nan mai citta. Kwanon ful ɗin ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma, mai rumfar kuma ta rantse ita ma ba ta san yadda aka yi ba. Ina zaune ina kallon hanya. Babur ya wuce da mutum uku da akuya. Karo, wato amalanke, ya wuce, jaki ɗaya na jan iyali guda da ganga biyu ta ruwa. Tarakta ta wuce, mutane sun lulluɓe ta har ba a ganin launinta. Ban ga abin hawa ɗaya da ke ɗauke da mutum ɗaya tak ba. Na dubi bargonmu, na dubi ƙanin matata, shi kuwa yana lissafa wa kansa unguwannin da ɗaki ke da sauƙi.

Mun isa bayan azahar. Alhaji ya rungume ni, muka yi salla, aka kawo kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa busasshiya. Sannan ya ja mu zuwa masussuka, inda na tarar an jera buhunan riɗi kusan goma, leburori na tsaye suna jira. Aka kwance bargon. Alhaji ya zagaya na'urar sau biyu, ya taɓa farantin da sandarsa.

"Masha Allah. To, ina ake ɗora buhun? Ina lambar take fitowa?"

Na dubi buhunan da aka jera. Nan take na gane abin da alƙalamina ya aikata. Shi ma'auni yake jira, wanda zai bi leburori gona-gona yana auna riɗi a daina gardama.

"Alhaji," na ce da ƙarfi saboda kunnensa, "ba ya auna buhu. Mutum yake ɗauka."

"Ya auna mutum? Don me? Sayar da su zan yi?"

Leburori suka fashe da dariya. Ƙanin matata bai yi ba. Alhaji ya dubi fuskarsa, ya gane, ya ce a bar yaro ya nuna abinsa. A kan daɓen masussuka kuwa na'urar ta yi abin mamaki, tana juyi shiru kamar tana kan ruwa, har na ji ana salati. Da ya fita gona, bai yi taku ashirin ba taya ɗaya ta faɗa tsaga, ta jefar da shi cikin karan dawa. Ya tashi ya kakkaɓe, ya ce a gwada kan daɓe kawai.

Wakilin gonar ya hau, ya iya da sauri. Ana cikin haka wani dattijo, limamin leburori, ya ƙaraso da sallama. Wakili ɗan mutunci ne, sai ya rusuna ya miƙa hannu biyu. Na'urar ta ɗauka umarni ne, ta zabura da shi, ta ture dattijon kan buhuna. Alhamdu lillahi bai ji ciwo ba, rawaninsa ne kawai ya warware.

Alhaji ya kira ƙanin matata gefe, ni ina ji. "Ya waladi, ɗana, abin nan yana ɗaukar mutum biyu?" A'a. "Jarkar ruwa?" A'a. "In na ga tsohuwa a hanya, in wuce ta a tsaye ina kallon ta daga sama? Kuma nan kahrabarmu ta cajin waya ce kawai, daga hasken rana. Kuɗinsa kuma na babur ne ko ya fi. Wallahi da na ga inda zan sa shi da na saya don abokina Malam." Ya ce zai ba mu buhun dawa.

Ƙanin matata ya juyo gare ni. Sai ya ce, "A Khartoum ma, Yaya, ba wanda ya taɓa zuwa aiki da ita. Minti goma, hoto, su sauka. Na sani tun da can." Ya juya ga Alhaji ya tambaya ko akwai sauran lauje.

Washegari na kamo hanya ni kaɗai da buhun dawa. Na'urar tana rumbun Alhaji, an rufe ta da buhu. Na hango ƙanin matata cikin riɗi da hantsi, ya ɗaure hannunsa da tsumma, yana bayan kowa a layi. Abin da zai samu kafin kaka ta ƙare ba zai kama ɗaki ba, ni da shi duk mun sani.

Tafiyar ta koya mini cewa masu ƙera wannan abu mutum ɗaya suka hango, marar kaya, marar dangi, a kan hanya mai santsi, wanda ba ya rusuna wa kowa, kuma irin wannan mutum bai da yawa ko a ƙasashensu balle nan. Ta kuma koya mini in ji tsoron kalmar da zan sa a takarda, don da ita na tayar da fatan mutum biyar.

Na isa makarantar gab da magariba. An riga an sauke sababbin bencina a tsakar filin. Matar ƙanin matata ta fito bakin aji, ta gaishe ni, idonta na kan hanyar da ke bayana. Ƙaramar 'yar ta ce, "Baba Malam, yaushe za mu koma sabon ɗaki?" Na sauke buhun dawar a gabansu, na ce su ba ni ruwa in yi alwala tukuna.