Guzurin Sumani

Duk wanda ya zauna unguwar Tremont ta Bronx a New York a shekarun nan ya san Sumani, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri mai furfura a gemu, yana tafiya kamar wanda aka aika aka ce kada ya tsaya gaisuwa. Haifaffen Aboabo ne a Kumasi ta Ghana. Yana ƙarami mahaifiyarsu ta rasu, sai yayarsa Halimatu ta raine shi: ita ta yi masa wanka, ita ta ba shi tuwo a baki, ita kuma ta zane shi in ya yi laifi. Da ta zo New York ta buɗe shagon kayan abincin gida, ita ta yi masa takardu ya biyo ta. Har ya yi furfura bai taɓa kiran sunanta ba, Yaya yake ce mata.

Abin da ya fi tunawa da ƙuruciyarsa shi ne hutun makaranta, lokacin da yake bin kawunsa mai fataucin shanu zuwa arewa su koro dabbobi a ƙafa. A kwana a fili, a jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙuli, a tashi da asuba a ci gaba. To, mutumin da ya tashi haka shi ne Allah ya kawo garejin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa a Manhattan. Ya shiga rana ba ta fito ba, ya fito ta faɗi. A haka ya yi aure, a haka matarsa Zalia ta rasu, a haka 'yarsa Rahma ta yi aure ta koma Ohio, shi yana nan yana juya motocin mutane a ramin da ko taga babu.

Wata bazara masallacinsu ya shirya fita shan iska zuwa Bear Mountain, wani dutse mai daji a bayan gari. Mata na raba wake da shinkafa, maza na gardamar ƙwallo, shi kuwa ya ɗan zaga bayan itatuwa. Nan ya ci karo da wani Bature ya yi buzu-buzu da gemu, takalmi duk ya yage, da ƙatuwar jaka a baya, yana wari kamar akuyar da ruwa ya doka. Sumani ya tausaya masa, ya ɗauka mara gida ne, ya kawo masa abinci. Mutumin ya share kwano tas, sannan ya ce daga jihar Georgia yake can kudu, a ƙafa, kuma jihar Maine ya nufa can arewa. Ya nuna masa wani farin fenti a jikin bishiya, ya ce hanya ce guda, Appalachian Trail, wannan alamar kawai ake bi wata da watanni.

Sumani ya taɓa fentin da yatsa. Daga ranar ya kamu.

Ya tambayi Baturen abin da tafiyar ke ci. Mutumin ya ce daji ba ya cin kuɗi, gari ke ci: ka sauko da yunwa, ka ga gado da abinci mai zafi, sai aljihu ya zube. Ya ce masu dabara kan shirya abincinsu a kwalaye tun daga gida, wani ya riƙa aika musu gidan waya na garuruwan da ke kan hanya, su karɓa su wuce. Wannan ta yi wa Sumani daidai, domin abinci mai arha na kantunan ƙauye rabinsa akwai alade a ciki, wanda babu kuma ya fi ƙarfinsa.

Shekara biyar ya yi yana shiri. Ya daina hawa jirgin ƙasa da safe, sai ya sa buhun shinkafa a jakar baya ya taka daga Tremont, ya haye gada, ya ratsa Harlem har wurin aiki. Kuɗin jirgi ya huta, ƙafa ta yi ƙwari. Ya bar shayin kanti, ya fasa zuwa Ghana har sau biyu, tanti da bargon kwana duk na hannu ya saya. Samarin unguwa suka sa masa suna Soja. Ko a jikinsa. Abin da ya dame shi gwiwarsa ce ta dama, wadda likita ya ce ta kusa neman aiki, in zai yi wata doguwar tafiya ya yi ta yanzu. Sai ya tsayar da shekarar 2017, ya ajiye aikin garejin, tunda ba mai ba ka hutun wata shida a garin nan.

Ranar da ya gaya wa Hajiya Halimatu zai taka hanyar nan har Maine, tana bayan kanta tana auna wa wata mata daddawa. Ta bari matar ta fita.

"Wa ya mutu a Maine ɗin?"

"Ba kowa, Yaya."

"Biyanka za a yi?"

"A'a."

"To me ka rasa da za ka je kwana da namun daji da furfurarka? Azumi fa zai same ka a can."

Ya ce ya tambayi liman, an ce matafiyi na da sauƙi, in ya iya ya yi, in ya kasa ya rama. Ta yi tsaki ta juya baya. Mako biyu ba ta amsa gaisuwarsa da kyau ba. Sannan wata Juma'a ta kira shi da kanta, murya a sanyaye, ta ce tunda ya nace, ba za ta bar shi ya ci ƙazanta a hanya ba. Ita za ta haɗa guzurin, ita za ta adana a firizar shago, ita za ta riƙa aikawa. Wallahi ranar sai da Sumani ya share hawaye a kan titi.

Kusan duk abin da ya tara ya juye shi ya zama abinci. Damina ta wuce, sanyi ya shigo, su biyu suna ɗakin girkinta duk Lahadi. Shi yana yanka nama fale-fale, ita tana shafa labu tana jerawa a tanda, wuta ƙasa-ƙasa, har ya zama kilishi. Ta yi dambun nama, ta soya garin kunu, ta murza ƙuli-ƙuli, ta dafa shito, soyayyen barkonon nan na Ghana, har ya yi baƙi ya bushe yadda ba zai lalace ba. Ga garin rogo, ga dabino, ga madarar gari. Suna yi suna hirar Aboabo, tana tuna masa ranar da ya saci kifin miya ya ɓoye a hula, suna dariya har tana riƙe ciki. Ya rubuta sunan gari a jikin kowane kwali da hannunsa, ya biya kuɗin aikawa tun kafin ya tafi. Ɗan abin da ya rage, na canjin takalmi da na ko-ta-kwana, ya ɗinke shi a ƙugun wando.

Ya fara tafiya daga Georgia a watan Afrilu. Ruwa ya doke shi, farcen ƙafarsa ya fita, ya kwana yana jin beraye na bin kan jakarsa, amma bai taɓa jin daɗin duniya irin na lokacin ba. Yakan yi alwala a ƙorama mai sanyin ƙanƙara, ya yi salla a kan dutse, ƙasa duk ta shimfiɗu a gabansa. Kwalaye kuwa suna zuwa a kan kari. A na farko har da kwalbar man zafi da bai sa ba, Yaya ta ƙara don gwiwarsa. 'Yan tafiya suka san shi da kilishi, har ana rige-rigen yada zango kusa da shi.

Ana saura 'yan kwanaki azumi ya sauko wani ƙaramin gari a Virginia, jaka ba komai sai ragowar gari. Matar gidan waya ta duba, ta sake dubawa, ta ce babu. Ya kira shago.

"Na aika tun makon jiya," in ji Hajiya. "Ka jira, ka san halin gidan waya."

Ya kafa tanti a bayan gari ya jira. Abokan tafiyarsa suka yi masa sallama suka wuce. Kullum da safe ya je, matar ta girgiza kai tun kafin ya yi magana. Ya farke ɗinkin wandonsa ya fara sayen burodi da kifin gwangwani. Ya sake kira, ta ce ta aika wani. Ya kira na uku, ba a ɗauka ba. Ya zauna ya auna: in ya ci gaba da cin abincin kanti, kuɗin takalmi zai ƙare tun hanya ba ta yi rabi ba. Kuma kun san abin da ya fi damunsa? Tsoro yake ko Yaya ba ta da lafiya tana ɓoye masa. Bawan Allah. Sai ya yanki tikitin bas da sauran kuɗin, da niyyar ya je ya gan ta, ya gyara maganar aike, ya dawo daidai inda ya tsaya.

Ya iso Bronx da yamma, azumi ya yi kwana biyu ko uku, shago a rufe. Ya wuce masallaci da jakarsa don ya sha ruwa. An shimfiɗa leda, ana jera farantai. Wani dattijo, Malam Dikko, ya taso ya rungume shi.

"Soja, sannu da zuwa. Allah ya saka da alheri. Tunda muke shan ruwa a masallacin nan ba mu taɓa cin kilishi irin naka ba. Hajiya ta ce kai ka ce a yi sadaka da shi duka."

Sumani ya dubi farantan. Dambunsa ne, dabinonsa ne, kunun da ake zubawa a kofuna garinsa ne. Can bakin ƙofa, inda ake ajiye takalma, ga kwali an cika shi da silifas na alwala. A jikinsa an rubuta Monson, Maine, da rubutun hannunsa. Wannan shi ne kwali na ƙarshe, wanda ya sa wa kilishi mafi kyau don ƙarshen tafiya. Aka kira salla. Ya kurɓi ruwa, bai iya taɓa komai ba. Bayan an idar liman ya sa aka yi masa addu'a ta musamman saboda karamcinsa, jama'a suka shafa, shi ma ya ɗaga hannu ya shafa.

Da safe ya same ta a shago tana jera doya. Ba ta ko razana ba.

"Ka dawo? Alhamdu lillahi. Dubi yadda ka rame."

"Yaya, kin ce kin aika."

"Na ce."

"Sau biyu."

"Ko sau goma ne zan faɗa. Da na ce ka dawo, za ka dawo?" Ta ajiye doyar. "Ka san abin da nake ji a shagon nan? Ƙanin Hajiya ya taɓu, yana kwana a daji da 'yan shaye-shaye. Mace ta zo sayen manja sai ta tsaya yi mini jaje. Sannan a ce azumi ya kama, kujerarka a masallaci ba kowa, kana can kana yawon banza? Inna ta bar mini kai amana."

Sannan ya yi tambayar da ta hana shi barci.

"Yaushe kika yanke wannan shawarar?"

Da ta ce jiya, ko ta ce da ta ji azumi ya matso ne zuciyarta ta karye, da wataƙila ya haɗiye. Amma Hajiya Halimatu ba ta iya ƙaramar magana ba.

"Tun ranar da na ce zan haɗa maka. Na san wata biyu ya ishe ka ka kashe ƙwarnafi. Sauran kuwa da niyyar sadaka na soya shi, kuma ladan naka ne."

Wato duk Lahadin nan, duk dariyar kifi a hula, yana rubuta sunayen garuruwa tana miƙo masa salatif, ta san ba inda za su je. Wannan ita ta ci shi, ba kilishin ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita, tana kiransa ya zo ya karɓi kayan shan ruwa.

Bai koma dajin ba. Da me zai koma? Guzurin shekara biyar ya shiga cikin jama'a a mako guda, gurbinsa a gareji an ba wani. Rahma ta ce za ta taimaka a shekara mai zuwa, amma kafin shekarar ta zagayo gwiwar ta ƙi, aka yi masa aiki, ya fito da sanda. Yanzu gadi yake yi a wani gini a Parkchester, a zaune. Har gobe akwai masu tare shi a hanya su yaba masa sadakar azumin nan, ya ce Allah ya karɓa.

Bai yanke zumunci ba, kada wani ya yi masa ƙarya. Yana gaishe ta duk Juma'a, in firizarta ta lalace shi ke nemo mai gyara, da ta kwanta asibiti shi ya yi jinya. Abu guda ne kawai. Duk kular abincin da ta aika masa, abokan aikinsa ke cinyewa, ya wanke ya mayar. Ta daɗe ba ta gane ba, sai da wani ya yi suɓul da baka ya yaba mata miya.

Ranar wata Babbar Salla, gidanta cike da baƙi, ta zubo tuwo da miyar ayoyo, wato lalo, irin wadda yake so tun yana yaro. Ba ta aiki kowa ba, ta kawo da kanta, ta durƙusa da ƙyar ta ajiye a gabansa. Ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Sumani, hannun nan fa shi ya ba ka tuwo a baki."

Ya dubi hannun. Ya tsufa, duk tabon mai da wuta.

"Na sani, Yaya," ya ce. "Na ƙoshi."