Saiwoyin da Baba Haruna Ya Sha

A wannan wata mahaifina, Haruna kafinta, yake cika shekara hamsin da rasuwa. Yanzu na girme shi, abin da har yau bai zauna mini a rai ba.

A unguwar Hindawiyya muke, a ƙasa mai tsarki, inda iyayensa suka sauke kaya bayan aikin Hajji, ba su ƙara komawa Kano ba. Ina budurwa ƙishirwa ta kama shi. Yakan shanye tulu kafin azahar, yana ramewa har riga ta koma lilo a jikinsa. Likita ya ce ciwon sukari ne, sai allura kullum. Baba bai koma ba, don iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, yana tsoron a tambaye shi takarda a bakin asibiti.

Sai aka kwatanta masa wani tsoho Basine, mutumin ƙasar Sin, mai sayar da magani a tsohon gari, wanda shi ma Hajji ya kawo shi, hanyar gida ta toshe. Ni na raka shi. Tsohon ya riƙe hannun Baba ya ji bugun jini, ya duba harshensa, ya ɗaure masa saiwoyi da busassun ganye. Cikin Larabcinsa mai tsinkewa ya ce, "Wannan zai rage ƙishirwa. Ba zai kashe ciwon ba. Ka je wurin likita, ya Hajji." Baba ya ji rabin farko kawai.

Ƙishirwar kuwa ta lafa. Ya koma bakin aiki yana cewa, "Halas, shi ke nan, na warke." Wata shida bayan haka ya taka ƙusa bai ma ji ba. Ƙafar ta yi baƙi, ɗakin ya ɗauki wari. Da aka ce sai an yanke, ya dube ni ya ce, "Binta, yadda na zo haka zan koma." Kwana goma sha ɗaya ya ƙara.

Ban taɓa zargin tsohon ba, gaskiya ya faɗa. Amma ina tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Ga na'urar gwajin jini a jakata, ga allura a firiji, duk da haka ciwon ya ɗauke ƙanena Sani, ni kuma idona na hagu ya tafi. Maƙwabta na turo mini tallan ganyen Sin a waya, wai yana warkarwa cikin wata guda, kuma babu mai ƙara musu gargaɗi.

Me ya rage na Baba? Ƙofofin da ya sassaƙa sun tafi tare da gidajen da aka rushe. Kabarinsa babu alama. Akwai jikana da ya ci sunansa, yana jin Hausa amma ba ya mayarwa. Jiya na zaunar da shi zan ba shi labarin mai sunan. Ya saurara cikin ladabi, sannan ya tambaye ni da Larabci ko akwai hotonsa. Babu.