Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ranar Talata ce. Na idar da sallar asuba, na hura wuta, na ɗora ruwan koko. Malam, maigidana, yana bakin zaure da rediyonsa. Labarin kullum ne: sojojin wata babbar ƙasa sun kwashe kayansu daga Nijar, na wata sun sauka, makaman Libiya na yawo a daji. Malam yakan ce manya ne ke jayayyarsu. Ni jin abin nake kamar na wata duniya, alhali daga ƙauyenmu zuwa iyaka bai kai awa guda a babur ba.

Ƙarfe bakwai ɗiyata ta fari ta ɗauki tulu ta nufi rijiyar bayan gari. Shekarunta goma sha shida. Ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso, uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, kunya ce. "Ke" nake ce mata, ko "'yar nan", ta amsa tana dariya.

Bakwai da rabi muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Sai harbi. Ba irin na mafarauta ba, da ake tsayawa a ɗura. Wannan ba ya tsayawa. Malam ya saki rediyo a ƙasa tana ta magana, ya shigo yana ihu.

"Ku fita! Ta gona! Kar ku bi hanya!"

Na goya autana, Malam ya ja hannun mai bi wa ta farin. Muka kutsa cikin dawa. Daga kan tudu na hango ɗiyata ta fari. Ta yar da tulun, tana gudu ta koma gida neman mu. Can baburan suke.

"Ke! Ke 'yar nan!"

Mata da yawa ke ihun "ke" a lokacin. Ba ta waiwayo ba. Sunan yana bakina, harshena ya yi nauyi. Numfashi biyu na yi, ko uku.

"Hauwa'u!"

Ta riga ta shige lungun masallaci.

Muka yi ta tafiya har azahar kafin mu kai kwalta. Wata motar itace ta ɗauke mu. Ana kiran la'asar muka shigo Katsina ta Ƙofar 'Yandaka, ƙafafuna duk ƙaya. Yayan Malam ya ba mu ɗaki a Ƙofar Durbi.

Bayan kwana biyu Malam ya koma. Ba ta cikin waɗanda aka binne. Ya iske tulun a fashe. Ya tsinto kwanson harsashi a tsakar gidanmu, ya miƙo mini tunda na yi sakandare. Na juya shi, na sake juyawa. Rubutun da ke jikinsa ba boko ba ne, ba Larabci ba. Ban san ƙasar da ta ƙera shi ba.

Wata bakwai ke nan. Mu biyar ne, yanzu kwano huɗu nake wankewa. Bayan kowace salla nakan kira sunan da ƙarfi, sau uku.