Kaset ɗin da Na Hana Mai Shi

Ana saura kwana biyu in tafi karatu Sudan, kakata ta wajen uba ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakinta a Wurno, ta sa an aro mata rediyo mai kaset daga maƙwabta, ta ajiye shi bisa tabarma tana harararsa.

"Gwada mani inda a ka dannawa," ta ce.

Na nuna mata jan maɓallin. Sai ta kore ni, ta kori matan gidan, ta saki asabari. Kusan rabin awa muna jin muryarta ƙasa-ƙasa, can dariya, can shiru mai tsawo. Da ta gama ta naɗe kaset ɗin cikin tsumma, ta ɗaure da zare, ta danƙa mini.

"Ƙanena na can ƙasar da za ka. An ce Mai Wurno shike. Ka kai mai wanga. Shi ɗai za shi ji, ka jiya? In ba shi ba ne, maido mani abina."

Duk gidan mun san labarin. Yana ɗan shekara goma ubansu ya ɗauke shi suka tafi aikin hajji a ƙafa. Uban ya rasu a hanya. Bayan shekaru wasu alhazai da suka dawo suka ce an bar yaron wajen 'yan ƙasarmu a Mai Wurno ɗin, wani gari a bakin Kogin Nilu, garin da mutanen Sakkwato suka kafa tun zamanin Turawa. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Kaka kuwa ba ta taɓa yarda a ce marigayi ba.

Washegari na biya Rabah in yi bankwana da mahaifina, a can yake aikin gwamnati. Da ya ji maganar kaset sai ya cire gilashinsa.

"Kai, bi a hankali," ya ce. "Fadamar da mu ka noma ta ubansu ce. Duk wanda yac ce shi ne ƙanenta, rabonai ya fi nata. Kada ka kwaso muna ɗan gado daga titi."

Ba tsoron banza yake ba. Lokacin ana aikin madatsar Goronyo, ƙasar bakin gulbi ta yi daraja, kowa na maganar noman rani. Danginmu na Goronyo sun ga ikon Allah a shekarar: mutum ya sauko daga mota da gemu da carbi, ya zube yana kuka, wai shi jikan wane ne da ya ɓata, a nuna masa gonar kakansa. Ni da idona na ga ɗaya, ya kwana uku ana yanka masa kaji kafin a gane ɗan wani gari ne can daban. Na tafi da wannan a raina, ga ƙuruciya, ga jin kai na wanda ya ci jarrabawa. Ni za a yi wa wayo? Haba!

Hutun babbar salla na farko makaranta ta watse. Masu hali suka nufi Masar, wasu suka tafi bakin teku, wasu suka lafe a ɗaki suna wanki. Ni na ɗauki jaka na shiga jirgin ƙasa daga Hartum zuwa kudu. Jirgin nan sai ya ga dama yake tafiya. Ya tsaya a tsakiyar gonakin auduga, kowa ya sauka ya sha shayi, a yi salla, a dawo. Ina kallon magudanan ruwa miƙe har iyakar gani, ina cewa ashe haka ake so a mayar da Goronyo. Daga Sinnar na hau bayan babbar mota da buhunan dawa da raguna biyu na layya, ɗayansu bai bar taka mini ƙafa ba har muka isa.

A Mai Wurno na yi kuskuren farko, ko kuma abin da na ɗauka kuskure ne. Na zauna wurin mai shayi a kasuwa, na ji Hausa ta ko'ina, daɗi ya kwashe ni, na zazzage komi: garinmu, unguwarmu, sunan kaka, sunan ubanta, sunan wanda nake nema. Sunan kuwa irin wanda in ka kira a masallaci mutum bakwai za su waiwayo ne. Ban gama kofi na biyu ba aka ce ai ga shi nan tafe.

Wani dogon tsoho ne, da farar jallabiya da rawani irin na Sudan. Ya tsaya kaina yana haki, ya ce in sake faɗin sunan kakata. Na faɗa. Ya ce wani abu rabi Hausa rabi Larabci, ban gane ba, na ce, "Mi kac ce, Baba?" Sai kawai ya fashe da kuka, ya kama kaina ya rungume.

A raina na ce, to, an fara. Mutumin Goronyo ma da kuka ya fara.

Na dubi fuskarsa da kyau. Kaka tana da zanen gidan ubanta, tsaga uku-uku a gefen baki, kuma duk tsohon da ya fito daga gidan nan, mace ko namiji, da su ake gane shi tun daga nesa. Fuskar wannan sumul take, ko ƙwarzanen ƙaya babu.

Ya kai ni gidansa, gida na laka, ɗaki biyu da rumfa. 'Yarsa, wata dattijuwa mai yawan murmushi, ta shimfiɗa mini gadon igiya. Ranar salla ya yanka ɗan akuya, ya tura mini hanta duka. Ina ci ina lissafin mi yake nema da wannan hanta. Jakata kuwa ko bayi za ni tana rataye a kafaɗata.

Kwana uku na yi, kwana uku ina gadinsa. Na lura yana ɗingishi da ƙafar dama. Na lura haƙoransa na sama saura biyu. Na lura ba ya shan shayi sai ya huce sarai, kuma kafin ya yi dariya sai ya rufe ido ɗaya. Komi ina ajiyewa, don in na koma in ba mahaifina bayanin ɗan damfara dalla-dalla.

Tambayoyinsa suka ƙara tsinka mini zuciya. "Fadamar tana nan?" Na ce tana nan. Da la'asar ya sake: "Har yanzu albasa a ke sawa?" Kashegari kuma: "Ta gefen gulbi, ruwa bai cinye ta ba?" Sau uku! Bai tambayi Sarki ba, bai tambayi kasuwa ba, sai fadama. Na ji muryar mahaifina tamkar yana zaune gefena.

Na ce bari in gwada shi. "Baba, ina zanenku na gida?"

Ya rufe ido ɗaya ya yi dariya. "Ita ba ta gaya maka ba?"

Shi ke nan amsar. Na ce lalle wannan gwani ne, ya san inda zai zille.

Abin da ya ƙarasa shi a wurina ya faru da azahar ɗin rana ta uku. Ya kwance rawani zai yi alwala, ina zuba masa ruwa, sai na ga kunnensa na hagu. An yanke samansa, yanka mai tsabta, na aska, ba cizon dabba ba, ba ƙuna ba. Tun muna yara nake jin ana cewa a wasu kasuwanni haka ake yi wa ɓarawo alama. Wato a gidan tsohon ɓarawo nake kwana, da amanar kakata ƙarƙashin kaina!

Da safe na ce makaranta na kirana. Ya raka ni har inda motoci ke tsayawa, yana jan ƙafar nan tasa. Ya ba ni ƙullin dabino da 'yar kwalbar humra, ya ce in kai mata. Sannan ya riƙe hannuna, ya yi ƙasa da murya.

"Ba ta aiko da ko kalma ɗaya ba?"

Kaset ɗin yana cikin jakar da ke tsakanina da shi. Na ce, "Ta ce in gaishe ka."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya amsa, ya amsa, ya amsa. Motar ta tashi yana tsaye, ni kuwa ina jin kaina wani jarumi. Sauran hutun na yi shi a garin Madani wurin wani abokin karatu, ina ba shi labarin yadda na kuɓuta.

Sai da babban hutu na ƙarshen shekara na samu zuwa gida. A Rabah mahaifina ya saurare ni, ya dafa kafaɗata ya ce madalla da ɗa. Na wuce Wurno da ƙarfin gwiwa. An gama cire albasa, an jibge ta a rumfunan kara, warinta ya cika unguwa. Kaka ta ƙara ƙanƙancewa. Na durƙusa na ajiye kaset ɗin gabanta, zarensa ko motsi bai yi ba.

"Ga amanarki, Kaka. Wani ya so ya yi muna wayo, amma na gane shi. Ba shi da zanenku ko ɗaya."

Ta dube ni. "Wa yac ce maka yana da zane?"

"Ai duk gidanku..."

"Maza ukku anka haifa kafin shi, duk sunka koma. Da yaz zo, innarmu tac ce wanzami ba shi taɓa fuskatai, kada mutuwa ta gane ɗan gidan ne. Anka yi mai abin da a ka yi ma irinsu. Kai, wai kai ba ka san wanga ba? Mi a ka koya maku?"

Ta sa aka aro rediyon nan. Wannan karon ba ta kori kowa ba. Ta kwance zaren da haƙori, ta miƙo mini, na saka, na danna. Aka ji shuu, aka ji tarinta, sai muryarta ta fito tana dariya:

"Kai mai guntun kunne, kana raye? Ni ce. Giginyar da kad dasa bakin fadama ta hi soro tsawo..."

"Kashe," ta ce.

Na kashe. Wallahi na so ta zage ni. Na so ta ɗauki muciya ta rafka mini. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na ciro dabinon da kwalbar humrar da na jefa ƙasan akwati tun wancan lokaci, ta karɓa ta shinshina, ta riƙe a cinya.

Na yi mata rantsuwa ina komawa zan kai masa kaset ɗin. Na kuwa kai. Ko makaranta ban tsaya ba, daga filin jirgi na nemi hanyar Sinnar. 'Yarsa ce ta fito. Ta ce ya rasu da damina, kuma har ya kwanta ciwo yana gaya wa mutane 'yar'uwarsa ta aiko a gaishe shi.

Amma ranar nan a ɗakin Kaka ban san da wannan ba tukuna. Ta matsa gefe ta ba ni wuri bisa tabarma.

"Zauna," ta ce. "Ya tsufa?"

Na ce ya tsufa.

"Haƙoranai fa?"

Na ce saura biyu a sama. Na ce yana jan ƙafar dama. Na ce ba ya shan shayi da zafi. Duk abin da ta tambaya ina da shi, ban manta ko ɗaya ba, tunda kwana uku ban ɗauke ido daga kansa ba.

"In za shi dariya," ta ce, "har yanzu shina rufe ido guda?"