Littattafan da Darlene ta jera kusa da madara

Shekara goma sha tara Darlene Stoltz tana raba abinci a kicin ɗin sakandaren garinmu, nan Ohio, kuma ban taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba. Maƙwabciyata ce, shinge ɗaya ya raba mu. Ba ta haihu ba, amma ta san yaron da gyaɗa ke kumbura wa fuska, ta san wanda ba a ɗora tukunya a gidansu.

Tana da wata ɗabi'a. Duk watan Yuni malamai kan sanar da littafin da ɗalibai za su karanta a dogon hutu, a yi musu jarrabawa a kai idan an koma. Sai Darlene ta bi masu gwanjo a ƙofar gida ta tattaro tsofaffin kwafi, ta jera su kusa da madara a wajen abincin kyauta da makarantar ke ba yara a lokacin hutu. Mai so ya ɗauka. Ita kam ba ta karanta su, wai labarin soyayya kaɗai idonta ke iya ɗauka.

Littafin bana labarin wata ƙasa ne inda gwamnati ke sa maƙwabci ya kai ƙarar maƙwabcinsa. Wasu iyaye suka ce wannan ai siyasa ce. A watan Yuli hukumar makaranta ta janye shi, ta aika wa ma'aikata sanarwa ta imel. Darlene kuwa ba ta buɗe imel a hutu, kowa ya san haka.

Mu iyaye sai aka turo mana wasu tambayoyi a waya. Ina bin layi a kanti na cike su, ban ko karanta bayanin sama ba. "A ina ɗanku ya sami littafin?" Na rubuta: wajen Darlene, a kicin. Har da alamar zuciya na saka. Ni sakarya, na ɗauka godiya za su yi mata! Da na dawo gida har na ba 'yata Josie labari, ina jin daɗi.

Bayan kwana tara Darlene ta shigo mana, hular aikinta a hannu. Josie na zaune a tebur da littafin a gabanta.

"Rhonda, sun sallame ni," in ji Darlene.

"Sun me?"

"Wai na raba haramtaccen littafi a makaranta. Wata uwa ce ta ba da sunana, a rubuce."

Na ajiye kofin da ke hannuna a kan tebur.

"Saura shekara guda fa in yi ritaya," ta ce. "Kuma ko wace ce, na ciyar da ɗanta. Wace mai baƙin ciki ce wannan? Ke kin san kowa a garin nan, don Allah ki taya ni bincike."

Josie ta rufe littafin a hankali, ta zuba mini ido.

"Mama," ta ce, "faɗa mata mana."