Ranar da Surukina Ya Shiga Gonata da Fartanya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi ta laluba, amma akwai wata damina da ba za ta fita daga raina ba sai an kai ni makwanci.

Zamanin Turawa ne, lokacin da aka fara kawo zaɓe ƙauyenmu, can bayan duwatsun Dutse. Aka ce za mu fitar da wakilin da zai riƙa zama a majalisar gunduma. Ba akwati, ba takarda. Mutum biyu aka tsayar a gindin tsamiyar ƙofar dagaci: ƙanen dagacin, da wani marini mai ƙorafin yadda ake kwasar mutane aikin hanya ana tsakiyar noma. Malamin da aka turo ya ce, "Kowa ya tsaya bayan wanda yake so, ba tilas."

Ba tilas fa, amma ga dagaci zaune a kan buzu yana kallon ƙafar kowa! Ni kuwa da ma an san ni da taurin kai, kuma bara waccan aikin hanyar nan ya ci mini rabin gona. Na taka na tsaya bayan marini. Da na waiga, wallahi sai na ga 'yan tsiraru ne mu. A ɗaya layin har da surukina, mahaifin mai ɗakina, dattijon da ke zama a hannun daman dagaci. Muka sha kaye, aka watse.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe yanzu ta fara.

Ruwa ya zauna, gero ya tsiro, sai kurkunu ya fito mini a ƙafa ya kwantar da ni. Ciyawa ta taso kamar ana jan ta. Gonar nan kuwa ita ce abincinmu na shekara, ni da mai ɗakina da yara ƙanana. Na kira gayya kamar yadda kowa ke yi, ni da ban taɓa ƙin gayyar wani ba. Mai ɗakina ta dama fura, ta tuƙa tuwo tukunya guda. Aka ɗora ni a jaki aka kai ni bakin gona.

Hantsi ya yi, ko makaɗi bai zo ba. Ashe an rarraba magana cewa duk wanda ya taka gonata, ya san inda ya tsaya. Ina ganin samari suna wucewa da fartanyu a kafaɗa, suna kawar da kai. Mai ɗakina ta dubi ƙwaryar furar ta ce, "Malam, in mayar gida?" Tsoro na ji, tsoron yunwa, da baƙin cikin da ban taɓa jin irinsa ba.

Can sai ga surukina tafe, da fartanya. Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. A wurinmu mijin 'ya ne ke yi wa suruki noma. Ko cin abinci ba ka yi a gabansa. Na yunƙura zan durƙusa, ƙafa ta ƙi.

"Baba, don Allah kada ka yi mini haka," na ce. "Ina zan sa kaina?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ban tsaya inda ka tsaya ba, kuma gobe ma ba zan tsaya ba, don marinin naka surutu ya yi masa yawa. Amma a gabana aka ce ba tilas. In an bar gonarka ta mutu, ƙarya aka yi mana ke nan, har ni."

Ya tuɓe riga ya sunkuya. Tsoho mai furfura, a gonar mijin 'yarsa! Samarin da ke wucewa suka tsaya cak. Ɗaya ya ce, "Subhanallahi, Baba, kawo fartanyar nan." Ya ce ba zai bayar ba, mai son noma ya zo da tasa. Haka suka riƙa shigowa ɗaiɗai, kai a ƙasa. Ba kowa ya zo ba, kuma gefen gabas na gonar ya riga ya lalace, amma abin da aka ceto ya kai mu kaka.

Surukina kuwa ya ɗanɗana kuɗarsa. Daga ranar ba a sake shimfiɗa masa tabarma a ƙofar dagaci ba har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Yanzu ina jin rediyo, ƙasa kaza an yi zaɓe an ɗaure wanda ya faɗi, ƙasa kaza soja sun karɓe. Jikokina su ce dimokuraɗiyya ba ta da gobe. Ni dai abin da na koya shi ne, ba a ranar layi ake gane ta ba. Sai washegari, in an ga abin da masu dogon layi suka yi da mai gajere. Muddin akwai wanda zai ƙi ra'ayinka amma ya ƙi a bar ka da yunwa saboda shi, ban yanke ƙauna ba. Allah Ya jiƙan Baba.