Bashin Hajiya Na Fara Biya

A shekarar da aka yi wa matata aikin ƙoda na gane cewa a garin Turawan nan ciwo ba ya tafiya sai ya bar maka 'yan rakiya. Ita dai ta warke, alhamdu lillahi. Masu bin bashi kuwa suka tare a wayata. Asibiti na kira, bankunan da na ci bashi da katinsu na kira, har da wata mai muryar zuma da sai ta tambayi lafiyar iyali kafin ta ce za su ɗora hannu a kan gidana. Gidan nan na unguwar Soundview, da ɗakin ƙasansa mai yoyo, ƙuruciyata duka na ƙarar a tuƙin haya kafin na sa ƙafa a cikinsa. Motar kuma ita ce gonata. In aka ɗauke ta, an ɗauke tuwon yara.

Bashi ɗaya ne babu wanda ya taɓa kirana a kansa: na Hajiya, wata dattijuwa 'yar Kumasi mai kantin kayan abinci a unguwar Tremont, inda muke sayen daddawa da busasshen kifi. Ranar da ta ji matata na kwance, ta jawo ni bayan buhunan shinkafa ta danƙa mini kuɗi a ƙulle cikin leda. Babu takarda, babu ruwa a kai. Cewa kawai ta yi, "Yarona, je ka duba matanka."

A majalisar direbobi, bayan sallar Juma'a, na fara jin cewa mutum zai iya zuwa kotu da ƙafarsa ya ce ya karye, a share masa bashi, a bar masa gida da mota. Da farko abin ya yi mini nauyi, don a ƙasarmu karyewa ba abin shela ba ne. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kafin in je wurin lauya, matata ta cire sarƙarta da awarwaronta na zinare, muka sayar, na kai wa Hajiya kuɗinta cif. Haka aka tashe mu. Idan ɗan kasuwa ya ga zai karye, wanda ya rufa masa asiri yake fara sallama.

Lauyan ya duba takarduna ya ce in kwantar da hankali. Abin da na mallaka a gidan bai wuce iyakar da doka ke karewa ba, motar ma ta tsufa, babu mai taɓa ta. Har na fara jin iska na shiga ƙirjina. Sai ya tambaye ni ko na biya wani bashi a 'yan watannin nan. Na gyara zama, na ba shi labarin Hajiya da alfaharina. Mutumin nan ya ajiye biro ya dafe goshi.

Wai na fifita ta. Wai a dokarsu duk masu bina ɗaya ne, don haka wakilin da kotu za ta naɗa a kan dukiyata zai iya karɓo kuɗin daga hannunta ya raba wa kowa. Na ce masa ya sake faɗa, ko Turancina ne ya gaza. Bankin da ya yi ta tatsar ruwa a jikina kamar kaska, da tsohuwar da ta ba ni kuɗin kifinta ba ta ko ƙirga a gabana ba, su ne ɗaya? Da na ji biyan 'yan watannin baya kawai doka ke dubawa, na ce to mu jira wa'adin ya wuce. Ya ce babu lokaci, wani banki ya riga ya samo hukunci a kaina, yana dab da maƙala bashinsa a jikin gidan.

Wani abokin tuƙi ya ce mini, "Malam, kuɗin hannu ne fa, cash. Wa ya gani? Ka yi shiru kawai." Amma ranar zaman kotu sai da aka sa ni ɗaga hannu na rantse, kuma lauya ya riga ya gaya mini ƙarya ɗaya ta isa ta rusa komai, har gidan. Wakilin kotun ya yi mini tambayar nan da lauya ya yi, ko kallona bai yi ba. Na faɗi sunan Hajiya da na kantinta. Na karye, amma ban yi ƙarya ba, kuma kada wanda ya yaba mini a kan haka.

Da takardar kotun ta isa wurin Hajiya, ba ta karanta Turanci, sai ta kai masallaci a karanta mata. Kafin la'asar duk Tremont ta ji wai na kai Hajiya kotu. Mutanen da ko gaisuwar asibiti ba su zo ba, su ne suka fi kowa salati. Kuɗin kuwa ta riga ta zuba su a kaya. Babbar firizarta ta sayar ta biya, aka yanyanka wa bankuna, kowanne ya sami abin da bai kai kuɗin shayin ma'aikatansa ba.

Bayan wasu watanni lauya ya kira ni yana murna, wai an yafe mini duka, gida nawa, mota tawa, kuma yanzu in na ga dama zan iya biyan Hajiya, doka ba ta hana ba. Ka ji fa. Yanzu ne doka ta ba ni izinin zama ɗan halak.

Na tara abin da na samu a tuƙin makon na nufi kantin. Inda firizar take a da, sai kwalaye. Na durƙusa na gaishe ta, na fara bayani, na miƙa kuɗin da hannu biyu. Ba ta daina auna gari ba.

"Ei, Malam, mayar da abinka. Na karɓi kuɗi a hannunka sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya."

"Hajiya, don girman Allah, haƙƙinki ne."

"Na yafe. Duniya da lahira na yafe. Ka gaida gida."

Da zagina ta yi, da na samu abin riƙewa. Tun da na san ta ba ta taɓa ce mini Malam ba sai ranar.

Gidan na nan, yara sun girma a ciki. Motar ma ta ƙara yi mini shekaru kafin ta mutu. Na sha ganin Hajiya a tashar bas da ledojinta cikin sanyi, in tsaya in sauke gilashi in ce ta shigo in kai ta. Sai ta ɗaga mini hannu da fara'a, ta ce bas na zuwa.